Wasiƙar da Na Ajiye a Ƙarƙashin Faifai

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ta baya-bayan nan, ita ce shekarar da fitsarina ya tsaya. Ba zan manta ba, domin a makon rantsar da sababbin shugabanni babu mai wankin hula a cikin birnin Kano da ya huta. Duk wanda ya taɓa liƙa fasta a bango ya ɗauka za a kira shi a ba shi muƙami, kowa kuwa yana son a same shi da hula mai sheƙi. Rumfarmu ta Zaitawa, wadda na gada wurin Baba, ta cika da zanna da ƙube da damanga, har katakon ɗora hula ya ƙare muna kifa su a kan gwangwanin madara. Ina da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin. Na rubuta wannan ne saboda ku huɗu, Bilkisu da Rabi da Saude da Nana, domin na san abin da kuka taso kuna ji a gidan suna da gidan biki: wai mahaifiyarku ce ta gaji da haihuwa, ta tura ni asibiti aka rufe mini ƙofa. Ba haka aka yi ba. Laifin da aka yi a gidan nan guda ɗaya ne, ni kuma na yi shi, har yanzu idan na tuna ina dariya.

Abin ya fi shekara biyu yana tafe. In na kewaya sai in daɗe a tsugune kafin ya zo, in ya zo kuma a tsinke, in na tashi sai in ji kamar ban yi ba. Tsakanin azahar da la'asar nakan sake alwala sau uku. Alhaji Tanko mai guga, maƙwabcin rumfata, ya ce butata ta fi kowa yawan tafiya a unguwar, ya kamata a saya mata takalmi. Na yi dariya tare da su, na ce tsufa ne. Ranar da ya tsaya ɗin, tun hantsi nake zarya, har la'asar ko ɗigo, marata ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya. Yayana Inuwa, wanda shi ne babban namiji a gidanmu tun rasuwar Baba, shi ya sa ni a tasi ya kai ni asibiti. Aka saka mini robar fitsari. Sauƙin da na ji a wannan lokaci ban san da me zan kwatanta shi ba, sai dai in ce na yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini rai kafin in sauka daga gadon. Na dawo gida da leda ɗaure a cinya. A nan na san darajar babbar riga, don mako uku na yi ina zama a rumfa babu wanda ya gane, sai Alhaji Tanko, wanda ya lura buta ta samu hutu.

Gwaje-gwaje suka biyo baya. An ɗebi jini, an yi hoto, an yi wani gwajin da yatsa wanda ba zan yi muku bayaninsa ba, sai dai in ce na ƙura wa bango ido ina karanta duk surar da na haddace. Daga baya aka sa allura aka tsinko 'yar tsoka aka tafi da ita. Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ranar da sakamako ya fito ya jawo takarda ya zana mini. Ya ce akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, suna kiranta furostet, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Girmanta bai wuce goro ba, amma tawa ta kai lemon tsami, shi ya sa ta matse hanya. Wannan girman, in ji shi, ba daji ba ne, maza da yawa na samunsa in shekaru sun miƙa. Sai dai a cikin abin da aka tsinko an ga ɗan ciwon daji a gefe guda, ƙarami, irin mai tafiyar hawainiya, bai fita ko'ina ba. Abu biyu ke nan a wuri ɗaya, kada in haɗa su.

A nan ya kamata in faɗa muku cewa shekara guda kafin wannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a wata firamare wajen Ƙofar Mazugal. Na gaji da gane hular mutane da launin zare, ina so in riƙa rubuta suna. Malaminmu, Malam Sabo, tsohon hedimasta ne, ya ce ɗalibi ba ya fita babu littafi a aljihu. To da likita ya fara jero hanyoyin magani, sai na zaro littafina da fensir. Yaya Inuwa ya harare ni, ya ce ina ɓata wa likita lokaci. Likita ya ce a bar ni, ya riƙa faɗa yana jira ina rubutawa.

Layi huɗu na rubuta. Na farko, ƙwaya kullum, a kuma riƙa gwada jini ana sa wa dajin ido. Na biyu, a shiga ta hanyar fitsari a kankare tsokar a buɗe hanya, ba a tsaga ciki ba. Wannan yana sakin fitsari, amma ba ya cire dajin, sai a ci gaba da sa masa ido, kuma yawancin waɗanda aka yi wa, ruwan haihuwa ba ya ƙara fita ta inda ya saba, saboda haka samun ɗa yakan yi wuya ƙwarai. Na uku, a tsaga a cire tsokar gaba ɗaya; babban aiki ne, sai an tura ni wani gari, kuma wasu fitsari kan riƙa zubar musu, wasu ƙarfinsu na maza kan tafi, haihuwa kuwa an gama. Na huɗu, gashi da na'ura, shi ma a gari mai nisa, makonni mutum yana can. Akwai kuma allura mai kwantar da sinadarin maza, amma ya ce wannan ta wanda nasa ya bazu ce, ban kai can ba, kada ma in rubuta.

Mun fara da ƙwaya, don ita ce ba ta rufe kowace ƙofa. Aka cire robar. Jiri nake ji in na miƙe da sauri daga wurin wanki, amma fitsari na zuwa, na ɗauka an gama. Bayan mako bakwai ya sake tsayawa. Da aka mayar da robar aka sake hoto, likita ya ce fitsarin da ke taruwa ya fara danna ƙoda, ƙwaya ba ta riƙe ni ba, lokacin zaɓe ya yi. Yaya Inuwa bai jira mun fita daga harabar asibitin ba.

"Garba, mace huɗu gare ka. Rumfar Baba wa za ka bar wa? Ka haƙura da robar nan shekara ɗaya ko biyu, ka sha magani, ko Allah zai kawo namiji. In ya zo, su kankare duk abin da suke so."

Kada ku ga laifinsa, kada kuma ku ji haushina in na ce maganar ta shige ni. Ban taɓa raina ko ɗaya a cikinku ba, amma na so namiji, ba zan ɓoye ba. Nana tana da shekara shida a lokacin, mahaifiyarku ba ta kai arba'in ba, ba a fid da rai ba. Yaya ya kawo mini jiƙo a jarka daga wurin wani mai magani, na sha kwana goma, ɗacinsa har a kunne, babu abin da ya canza sai fuskata. Da muka koma, Yaya ya fara yi wa likita bayanin abin da muka yanke. Likita ya saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ya juyo gare ni, ya ce jikin nawa ne, kuma akwai mutum ɗaya da abin ya shafa bayan ni, ba a ji ta bakinta ba. Ya ce in je in yi magana da mai ɗakina, in dawo bayan mako biyu.

Faɗin haka ya yi wa likita sauƙi. Mahaifiyarku Hajara 'yar Fulanin Ƙofar Na'isa ce, shekara ashirin da huɗu muna tare ba ta taɓa kiran sunana ba. Ciki huɗu ta yi, babu wanda ta gaya mini da baki. Sai dai in ga ta daina cin miyar kuka in gane. Robar da ke jikina ma ba mu taɓa ambatonta ba, sai dai kullum in tarar an ajiye ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta a bayan gida. Yanzu wai in zaunar da ita in yi mata bayanin ruwan haihuwa. Sau uku ina gwadawa. Na farko na buɗe baki na ƙare da maganar indararo. Na biyu na ce mata akuya ta rame. Na uku ita ce ta dube ni ta ce, in akuyar ce har yanzu, an ba ta dusa.

Sai dabara ta zo mini, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. Ai na iya rubutu. Ita ma wata takwas ke nan tana zuwa ajin mata ranar Asabar da Lahadi, ina ganin ta tana fita da littafi a ƙarƙashin mayafi. Me ya rage? Kwana huɗu na yi ina rubuta wasiƙar a rumfa, in wanke hula biyu in rubuta layi ɗaya. Shafi biyu ta ci. Na sa duk layi huɗun nan, na sa abin da Yaya ya ce, na sa abin da nake tsoro. Da safe na ninke ta na tura ƙarƙashin faifan da take rufe kwanon tsintar shinkafa, na fita ina jin kamar na ci jarrabawa.

Abin da ban sani ba, wata takwas ɗin nan mahaifiyarku alkaki take kaiwa ajin. Kafin malama ta gama rubuta baƙi a allo ta sayar da rabin kwano, sauran lokacin tana riƙe wa mata jarirai don su samu su yi rubutu. Harafin farko na sunanta ta sani, shi ke nan. Da ta ga takardar, ta ɗauka aikin makaranta ne na ajiye don a yaba mini. Ranar kuwa ke Bilkisu kin zo wuni da jaririnki, Gwaggonku Asabe, yayarmu ni da Inuwa, ita ma tana zaune a tsakar gida. Mahaifiyarku ta miƙa miki, ta ce karanta mana mu ji abin da ɗalibi ya rubuta. An ce har gyara murya kika yi irin ta masu karanta labarai a rediyo.

"Zuwa ga Hajara. Bayan gaisuwa mai yawa. Likita ya ce idan aka yi mini aiki, mai yiwuwa ba za mu sake haihuwa ba, ina so in ji ko kin yarda..."

A nan kika tsaya. Kin yi hankali, kika ja mahaifiyarki ɗaki kika ƙarasa mata a hankali, kanki a sunkuye. Amma Gwaggo Asabe ta riga ta ji abin da ya ishe ta, kafin ku fito ta yafa mayafi, ta ce ta tuna ta bar wake a wuta. Kafin magariba Yaya Inuwa ya ji. Kafin jibi labarin ya zama wai ni da Hajara mun yi yarjejeniya a rubuce, ita ta faɗa ni na rubuta. Daga nan maganar da kuke ji ta samo asali, babu wani tushe da ya wuce wannan. Ke kuma Bilkisu kin tafi gida ba ki jira mun gaisa ba, wata biyu in na shigo ta zaure sai ki shige ɗaki. Ban taɓa ba ki haƙuri ba. Ga shi na ba ki yanzu.

Washegari da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina ɗaura agogo zan fita, mahaifiyarku tana durƙushe tana wanke-wanke ta ba ni baya. A haka ta yi maganar, ba ta juyo ba.

"Malam, na ji takardarka. Yaron da kuke jira kai da Yaya, ni ban san shi ba, ban taɓa ganin sa ba. Kai na sani. Amma ba zan zaɓa maka ba, don kada gobe ka kalle ni ka tuna."

Na tsaya riƙe da agogo. Ta ci gaba da cuɗa tukunya, ta ce takardar tawa ta yi tsawo amma ta bar abin tambaya. In an kankare an bar dajin, wa zai riƙa duba shi, kuma sau nawa? In an yi aikin, alwala za ta riƙa zama, ko haka zan ƙare da buta? Sannan kwana nawa zan yi ban ɗaga bokiti ba, don ta san ni, rana ta uku za a gan ni bakin rijiya. Na zauna a kan turmi na rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na ce mata, ashe wata takwas alkaki ake koyarwa a ajin nan. Ta ce ai gara ita, ta dawo da kwano babu komai, wani kuwa ya yi shekara yana karatu ya ƙare da aika wa matarsa wasiƙa a gida ɗaya. Kafaɗunta na rawa, na san dariya take yi.

Na kai wa likita tambayoyin. Ya ce gwajin jini duk wata shida, in ya ga lambar gwajin na hawa za mu sake zama, sauran hanyoyin suna nan ba su gudu ba. Alwala kuwa, makonnin farko sai haƙuri, amma yawanci takan zauna. Bokiti, mako shida. Ya tambayi wanda ya tsara tambayoyin, na ce mai ɗakina. Ya ce da ita aka turo tun farko da an rage zarya. Bai ce in zaɓi kaza ba, ya dai ce a yadda nawa yake ƙarami, mutane da yawa kan tsufa da irinsa, amma ƙoda ba ta jira.

A rumfa na yanke shawara, ni kaɗai, littafi a buɗe a kan cinya. Layi na uku da na huɗu na ga sun yi wa ciwona girma a lokacin, ga nisa, ga barin gida. Na farko na gwada ya ƙi. Abin da Yaya ke so kuwa, da na dube shi da kyau, jira ne da ƙodata a kan yaron da babu wanda ya yi mini alkawarinsa, alhali ga Nana ko aji biyu ba ta shiga ba. Na yi istihara kwana uku, zuciyata ba ta motsa daga layi na biyu ba. Na je har gida na gaya wa Yaya. Ya ce ya ji, ai an riga an gama da ni a ɗaki.

Duk da haka ranar sa hannu Yaya ya zo, don ba ya barin nasa a asibiti shi kaɗai. A gidanmu tun da can shi ke sa hannu a komai, takardar fili, ta makaranta, ta asibiti, mu sai dai mu dangwala yatsa a ƙasa. Nas ta fito da takardar amincewa, ta dube mu, ta miƙa wa Yaya mai biro a aljihu, ni ta turo mini tawadar dangwale. Na ce ta karanta mini da Hausa tukuna. Ta karanta, na tsayar da ita sau biyu na yi tambaya. Sannan na ce ta ba ni takardar. Na rubuta Garba Muhammadu, a hankali, harafi na hawa na sauka kamar tafiyar raƙumi, amma kowa zai iya karantawa. Yaya ya riga ya cire murfin bironsa. Ya mayar, ya soke a aljihu, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Ban yi don in ƙasƙanta shi ba. Na ga dai in har za a ce wani ya rufe ƙofar nan, to a ga sunan wanda ya rufe.

Aikin bai kai yadda na tsorata ba. An kashe mini rabin jiki, ina jin likitocin suna hirar wanda za a ba kwamishina. Kwana biyar na yi a kwance, fitsari ja kamar zoɓo, sannu a hankali ya washe. Ranar da aka cire robar na shiga kewaye, abin ya zo da ƙarfin da na manta akwai irinsa. Wani tsoho ɗan Gwarzo da ke gadon kusa da ƙofa, shi ma yana jiran nasa aikin, ya ɗaga murya ya ce, Malam Garba, a rage mana, asibitin ba na ka kaɗai ba ne. Ɗakin duka aka yi ta dariya, masu ɗinki suna riƙe ciki. Mahaifiyarku ta zo da kunun gyaɗa, ta ga fuskata, ba ta tambaya ba, ta ce to madalla. Wata biyu bayan nan na yi azahar da la'asar da alwala ɗaya. Gwajin jini ban taɓa fashi ba; shekara tara lamba na zaune, da ta fara hawa aka sa ni a allurar nan ta sinadarin maza, ga ni har yau ina rubutu.

Ga abin da na rasa, don kada wani ya ƙara muku ko ya rage. Na rasa jarrabawar aji, aka ba 'yan ajinmu takardar shaida ina kwance, ban kuma koma na karɓi tawa ba. Na rasa wata goma sha huɗu na hirar yayana, muna sallah sahu ɗaya yana kai hulunansa wanki wurin wani a Ƙofar Na'isa, kuma ko da muka shirya bai sake tambayata lafiyar jikina ba har ya rasu. Mahaifiyarku ta rasa sunanta a bakin dangina, ta hana ni in gyara, ta ce gyaran ya fi ɓatan kunya. Sai kuma yaro ɗaya da ba a haifa ba, wanda na ajiye wa sunan Baba shekara ashirin ban gaya wa kowa ba. Huɗu ke nan. Na sha zama in sake ƙirgawa, ban taɓa samun na biyar ba.